Ga Mai Sha'awar Harbin Saiti: Takarda Kafin Bindiga, Bindigar Iska Kafin Albarushi

Tun bayan wasannin Olympics na birnin Paris a shekarar 2024, hoton wani ɗan Turkiyya mai suna Yusuf Dikeç ya yi ta yawo a wayoyin jama'a: hannu ɗaya cikin aljihu, ba wani tabarau na musamman, ya harba ƙaramar bindigar iska har ya samu lambar azurfa. Wanda ya kalli wannan hoton sau biyu a TikTok ko YouTube, sai na'urar ta dinga turo masa makamantansa. Daga nan sai bidiyoyin Amurka: mutum kwance rub da ciki bayan doguwar bindiga mai madubin hangen nesa, ya ja kunama, a yi shiru, can sai a ji ƙarar faifan ƙarfe daga nisan kusan kilomita guda. Bayansu kuma sai na wani zaune gaban tebur, ga kwansunan harsashi a jere, ga ƙaramin sikeli, yana cika harsasansa da hannunsa.

Ga matashin da ke Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, abin kallo ne kawai. Amma ga ɗan'uwansa da ke New York, Greensboro, Paris, Lyon ko Brussels, filin harbi na iya kasancewa a bayan unguwarsu, kuma abokin aiki na iya gayyatarsa ranar Asabar. A nan maganar ta tashi daga kallo ta zama shawarar da za ta iya shafar takardun zama, lafiya, har da rai.

Harbin saiti wasa ne halastacce a ƙasashen da suka tsara shi, kuma yana koya wa mutum natsuwa da lissafi. Sai dai bidiyo na nuna shi daga ƙarshe zuwa farko. Duk mai son shiga, ya kamata ya juya jerin: ya fara da doka da takarda, ya bi da bindigar iska a nisan mita 10, ya daɗe kafin ya taɓa babbar bindiga, ya bar cika harsashi ya zama na ƙarshe, in ma zai yi shi.

Abin da ake nufi da harbin saiti

Harbi na cikin wasannin da aka buɗe Olympics na zamani da su a birnin Athens a 1896, kuma hukumar da ke kula da shi a duniya, ISSF, ta samo asali tun 1907. A gasar bindigar iska ta mita 10, ɗan wasa na tsaye ne, ba ya jingina da komai, yana harbi 60 cikin minti 75. Ƙwayar da yake harbawa faɗinta milimita 4.5 ne, tsakiyar abin da ake saita wa kuwa ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar aya a ƙarshen jimla. A gasar mita 50 ana amfani da ƙaramin harsashi mai lamba .22, a harba a durƙushe, a kwance da kuma a tsaye.

Bayan na Olympics akwai harbin nesa. A Ingila ana gasa a filin Bisley tun 1890, a Amurka kuma a Camp Perry da ke jihar Ohio tun 1907. Salon da ake kira F-Class, wanda ya faro daga Kanada, yana kaiwa nisan yadi 1,000, wato mita 914. Wanda ya fi cika bidiyoyin yanzu shi ne jerin gasar PRS da aka fara a Amurka a 2012, inda ake ba ɗan wasa minti ɗaya da rabi ko biyu ya bugi faya-fayan ƙarfe da ke nisa daban-daban, yana ɗora bindigarsa bisa ganga, tsani ko tarin tayoyi.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne lissafin. Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma harsashi bai tsira daga wannan ba. Harsashi mai lamba .308 da aka harba zuwa yadi 1,000 yana yin fiye da daƙiƙa ɗaya a iska, yana saukowa kusan mita 10 daga inda aka nufa in ba a gyara saitin ba. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta kai ta hunturun Damagaram ba, tana iya ture shi gefe fiye da mita biyu. In bakin bindiga mai tsawon mita guda ya goce da milimita ɗaya tak, a nisan mita 1,000 harsashin zai kauce da mita guda cur. Zafin rana, sanyin safiya, tudun wurin, bugun zuciyar mai harbi, duk suna shiga cikin lissafi. Shi ya sa ƙwararru ke yawo da littafin rubutu, suna rubuta kowane harbi da yanayin da aka yi shi. Mai ƙin lissafi da rubutu zai gaji da wannan wasa tun kafin ya fara jin daɗinsa.

Takarda ce matakin farko

Babban haɗarin da ke gaban ɗan ci-rani ya riga isa filin harbi. A Amurka, inda wani bincike na cibiyar Small Arms Survey a 2018 ya ƙiyasta cewa fararen hula na riƙe da bindigogi miliyan 393, baƙo na iya zaton kowa na da izini. Dokar tarayya ba ta ce haka ba. Ta haramta wa wanda ba shi da takardun zama riƙe bindiga ko harsashi. Ta kuma haramta wa wanda ya shiga da bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta ziyara, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓe-keɓen da dokar ta lissafa, misali mai lasisin farauta da wata jiha ta bayar. Mai katin zama na dindindin, wato Green Card, ba ya cikin wannan haramci, amma dokokin jihar da yake zaune na nan a kansa, kuma na New York sun fi na North Carolina tsauri nesa ba kusa ba. Hukuncin saɓa wa dokar tarayyar, tun bayan gyaran 2022, na iya kaiwa ɗaurin shekara 15, kuma laifin da ya shafi bindiga na cikin dalilan korar baƙo daga ƙasar.

Akwai wani ɓangare na dokar da mai sha'awar cika harsashi ya kamata ya haddace. A ma'anar dokar tarayyar Amurka, kalmar harsashi ta haɗa da kwanso, da 'yar hular da ke tayar da wuta, da ƙwayar, da albarushin. Ke nan wanda aka haramta wa harsashi, tara fankon kwansuna a ɗakinsa da niyyar koyon cikawa ma na iya zame masa laifi.

Shari'ar Hamid Rehaif ta isa misali. Ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne da ya shiga Amurka da bizar karatu, ya shiga wata jami'a a jihar Florida. Sakamakonsa ya yi rauni, makarantar ta sallame shi, ta kuma sanar da shi cewa izinin zamansa zai ƙare in bai koma wata makarantar ba ko ya bar ƙasar. Bai yi ko ɗaya ba. Daga baya ya je wani filin harbi ya harba bindigogi biyu. Bai harbi kowa ba, bai yi wa kowa barazana a filin ba, amma aka gurfanar da shi, aka yanke masa ɗaurin wata 18. Maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Yunin 2019, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta ce wajibi ne gwamnati ta tabbatar cewa wanda ake tuhuma ya san matsayinsa ya hana shi riƙe makami. Lauyoyi sun ɗauki hukuncin a matsayin nasara, amma wane ɗalibi ne ko direban tasi zai so sai Kotun Ƙoli ta raba shi da gwamnati a kan wasan yini guda? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Faransa tsarin ya bambanta, amma shi ma takarda ce gaba. Makamai sun kasu rukuni huɗu, A, B, C da D. Mai son wasan harbi zai shiga kulob da ke ƙarƙashin tarayyar harbi ta ƙasar, FFTir, mai mambobi sama da 200,000, ya kawo shaidar likita, a duba ko sunansa na cikin kundin FINIADA na waɗanda aka hana riƙe makami. Bindigogin rukunin C sai an yi rajistarsu, na rukunin B kuwa sai da izinin hukumar jiha, bayan atisaye a gaban jami'an kulob da kuma tanadin akwatin ƙarfe mai makulli a gida. Riƙe makamin rukunin B ba da izini ba na jawo ɗaurin shekara biyar da tarar Euro 75,000, kusan CFA miliyan 49. Mai jiran sabunta takardar zamansa ya san abin da irin wannan tabo zai yi wa fayil ɗinsa.

Hatta wanda ya cika duk sharuɗɗa, akwai tarkon jakar tafiya. A 2024 an kama Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasan da aka samu cikin jakunkunansu, waɗanda suka ce mantuwa ce, a lokacin da dokar wurin ta tanadi ɗaurin shekara 12. Ɗan Nijar da ya je filin harbi da jakar da zai zo hutu da ita, harsashi ɗaya da ya maƙale a aljihun jakar ya isa ya ɓata masa tafiya a Casablanca, Istanbul ko filin jirgin Diori Hamani. Jakar filin harbi daban, jakar tafiya daban, kuma kada su taɓa haɗuwa.

Me ya sa bindigar iska

Da yawa na raina bindigar iska, suna ganin ta yara ce. Sakamakon gasa ya ƙaryata su. Lambar zinare ta farko da aka ci a Paris a 2024 ta fito ne daga bindigar iska ta mita 10, inda 'yan China biyu, Huang Yuting da Sheng Lihao, suka yi nasara. A gasar mata, Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu, mai shekara 16, ta yi kunnen doki da Huang, aka raba su da harbi ɗaya, ta ci da tazarar maki 0.1. Zinaren farko da wani ɗan Indiya ya ci shi kaɗai a tarihin Olympics, na Abhinav Bindra a Beijing a 2008, shi ma daga wannan gasa ya fito.

Labarin da ya fi kusa da 'yan ci-rani shi ne na Luna Solomon. 'Yar Eritiriya ce da ta gudu daga ƙasarta ta samu mafaka a Switzerland, ba ta taɓa wasan harbi ba. A 2019 Niccolò Campriani, ɗan Italiya mai lambobin zinare uku na Olympics, ya ɗauki wasu 'yan gudun hijira yana horar da su a birnin Lausanne. Cikin shekara biyu Luna ta tsaya a layin gasar Tokyo a tawagar 'yan gudun hijira, ta sake tsayawa a Paris. Ba ta fara da nisan kilomita ba, ba ta cika harsashi ko ɗaya ba. Mita 10 ne, da malami, da maimaici.

Dalilin a bayyane yake. Duk abin da ke sa harsashi ya faɗa inda ake so, ana koyonsa a mita 10: yadda ake tsayuwa ƙashi ya ɗauki nauyi maimakon tsoka, yadda ake sarrafa numfashi, yadda yatsa ke matsa kunama a hankali ba fizga ba, yadda ido ke zama kan saiti bayan harbi ya fita. Bindigar iska ba ta da ƙara mai firgitarwa, ba ta dukan kafaɗa, don haka kuskuren mai harbi na fitowa fili. Babbar bindiga kuwa, wanda ya fara da ita yakan koyi runtse ido da ƙanƙame jiki kafin harbi, ɗabi'ar da ke ɗaukar watanni kafin a rabu da ita. Ga kuma sauƙin kuɗi: gwangwani guda na ƙwayoyin bindigar iska na ɗauke da 500, kuma yawancin kulob na ara wa sabon shiga bindiga. A Faransa bindigar iska da ƙarfinta bai kai joule 20 ba tana rukunin D, baligi na iya sayenta, kuma ta gasar Olympics ba ta kai rabin wannan ƙarfi ba.

A nan ne kuma ake shuka ladubban da ba a sassauci a kansu. Kowace bindiga ana ɗaukarta a matsayin mai harsashi a ciki, ko da mai ita ya rantse babu. Ba a juya bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ido na kan saiti. Mai harbi ya san abin da yake nufa da abin da ke bayansa. Kulob na gaskiya na korar mutum a kan saɓa ɗaya daga cikin waɗannan, ko da bai ji wa kowa rauni ba. Filin da aka ga ana ɗaukar hoto da bindiga ana wasa da dariya, ba wurin koyo ba ne.

Bayan shekara guda ko fiye, mataki na gaba shi ne ƙaramar bindiga mai lamba .22 a mita 50, daga baya 100 ko 200, inda iska ke fara koyar da darasinta da kuɗi kaɗan. Sai wanda ya ƙware a nan ya cancanci tunanin babbar bindiga. Ita ma ba ta zo da arha ba: madubin hangenta kaɗai na iya kai farashin bindigar, bututunta na cinyewa bayan 'yan dubban harbi sai an sauya, ga kuɗin gasa da na tafiya. Ƙarar harbinta na wuce ma'aunin decibel 140, abin da ke iya lalata ji ga wanda bai toshe kunne ba. Mai aiko wa iyaye kuɗin cefane kowane wata ya zauna ya yi lissafi tun kafin sha'awa ta yi masa lissafin.

Cika harsashi: aikin ƙarshe

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, 'yar hular da ke gindinsa, albarushi, da ƙwayar da ke fita. Bayan harbi, kwanson ne ke saura, kuma shi ne ya fi tsada. Masu cika harsashi suna tsabtace shi, su mayar da shi girmansa na asali, su sake haɗa sauran ukun. Dalilinsu biyu ne: rage kuɗi ga mai harbi dubbai a shekara, da kuma samun harsasan da suka yi daidai da juna fiye da na kanti, waɗanda suka dace da bindiga guda.

Mutumin ƙasar Hausa na iya ganin abin ya yi kama da ɗurin bindigar toka ta maharba, inda ake zuba albarushi da ƙiyasin ido a danna da sanda. Wannan kamancen shi ne ya fi komai haɗari. Albarushin zamani wani sinadari ne daban, kuma ƙarfin da yake tayarwa ya wuce tunani. Hukumar C.I.P., wadda ke tsara ma'aunin makamai a ƙasashen Turai da dama tun 1914, ta sa iyakar matsin harsashi mai lamba .308 a bar 4,150. Tayar ƙaramar mota na ɗaukar bar biyu da 'yan kai. Wannan matsi yana tashi ne a tazarar ɗan yatsa daga fuskar mai harbi. Masu cikawa na auna albarushi da wani ma'auni da ake kira grain, kimanin giram 0.065, kuma suna kula da kashi ɗaya cikin goma na wannan, abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Albarushi iri-iri ne, wani na cin wuta da sauri, wani a hankali, kuma a ido suna iya kama da juna. Wanda ya ruɗe ya zuba wani a madadin wani, bindigar na iya tarwatsewa a hannunsa. Wanda ya manta bai zuba ba, ƙwayar na iya maƙalewa cikin bututu, harbi na biyu ya same ta a can. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Saboda haka ƙasashen da suka san abin ba su bar shi sakaka ba. A Jamus ba a sayen albarushin cika harsashi sai da izini na musamman ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa, bayan kwas da jarabawa. A Birtaniya sai mai takardar izinin bindiga ake sayar wa 'yar hular harsashi. A Amurka, inda aka fi sakin abin, mai cika harsashi don sayarwa sai ya samu lasisin tarayya. Ƙa'idar da duk ƙwararru suka yarda da ita ita ce: ba a ɗaukar ma'auni daga bidiyo ko daga bakin aboki, sai daga littafin da masana'antar albarushi ta gwada ta buga, kuma ba a harba harsashin da wani ya cika.

Akwai kuma dalma. Yawancin ƙwayoyin harsashi na ɗauke da ita, haka ma 'yar hular, kuma ƙurarta na manne wa kwanso, hannu da tufa. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Ɗan ci-ranin da ke zaune a ɗaki biyu da mata da yara, ko yake raba gida da abokai huɗu, ba shi da wurin da zai ajiye albarushi ya kuma tsabtace kwansuna ba tare da ya saka wasu cikin haɗari ba.

Batun rage kuɗi ma sai an duba. Na'urar matsewa, sikeli, ma'aunin tsawo, littattafai da akwatin ajiya duk kuɗi ne da ba sa dawowa sai bayan harbi mai yawa. Sabon shiga kuwa, harsashin kanti ya fi shi iya harbi. Kuskurensa na cikin yatsa da numfashi, kuma babu sikelin da zai gyara wannan.

Masu cewa a bar maganar baki ɗaya

Akwai masu ganin ko tayar da wannan zance bai dace ba, a ƙasar da bindiga ta raba mutane da gonakinsu. Hujjarsu na da nauyi. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji, da na ƙauyukan iyakar Katsina, Zamfara da Sakkwato, sun san satar shanu da garkuwa da mutane. Tillaberi, Difa da arewacin Tawa sun binne 'ya'yansu farar hula da soja. Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma a ranar 25 ga Satumban 2000 aka ƙone makamai a Agadas don rufe babin tawaye. A irin wannan ƙasa kalmar bindiga ba ta zo da nishaɗi ba.

Sai dai shiru ba ya goge bidiyon daga waya. Matashi zai gani ko an yi magana ko ba a yi ba, kuma in babu mai faɗa masa sashen doka da na haɗari, sashen burgewa kaɗai zai sani. Abin da ya dace shi ne a raba abubuwa biyu da bidiyo ya cakuɗa.

Cika harsashi da harbin nesa da manyan bindigogi ba su da gurbi a hannun farar hula a Nijar ta yau. Riƙe bindiga sai da izinin hukuma, babu filayen farar hula da aka tsara don irin wannan, kuma duk kayan da zai iya cika harsashin wasa zai iya cika na ɗan bindiga. Ɗan ci-ranin da wani ya roƙa ya saƙo masa madubin bindiga, kwansuna ko na'urar cikawa cikin kwantenar kaya ko cikin motar da aka turo ta tashar ruwa, ya sani ana neman jefa shi cikin laifi biyu ne: na fitarwa a can, da na shigarwa a nan. Amsar ita ce a'a, ko da mai roƙon ɗan ɗaki ɗaya ne. Haka ma ɗora hoto da bindiga a Facebook ko WhatsApp: jami'an biza na duba shafukan sada zumunta, kuma hoton da aka ɗauka don burge abokai na iya zama abin tambaya a ofishin jakadanci ko a shingen jami'an tsaro.

Bindigar iska ta mita 10 kuwa wani zance ne. Ɗaki mai tsawon mita 15 ya ishe ta, ba ta buƙatar albarushi, mace da namiji na gasa a kan ƙa'ida ɗaya, kuma mai nakasa na da nasa rukuni a wasannin Paralympics. Nijar na da lambobin Olympics biyu a tarihinta: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a Rio a 2016. Dukansu wasanni ne na mutum ɗaya, kuma Alfaga ya goge ne a Jamus kafin ya ɗaga tutar ƙasarsa. In wata rana ɗan Nijar zai tsaya a layin mita 10, mai yiwuwa daga wani kulob na Faransa, Beljiyam ko Jamus zai fito, daga cikin 'ya'yan 'yan ci-rani. Wannan ya rage ga ma'aikatar wasanni da kwamitin Olympics na ƙasa su duba, ƙarƙashin idon hukumomin tsaro.

Ga wanda ke waje kuma sha'awar ta kama shi da gaske, hanyar ba ta da ruɗani. Ya fara tambayar lauyan shige da fice ko matsayinsa ya ba shi damar taɓa bindiga, kafin ya amsa gayyatar kowa. Ya nemi kulob mai rajista da malami mai takarda. Ya yi shekara a mita 10 da bindigar aro, yana rubuta makinsa. In bayan shekarar har yanzu yana ɗokin zuwa atisaye ranar da ake sanyi kuma babu mai ɗaukarsa hoto, to wasan nasa ne, sauran matakan za su zo a kan lokacinsu. In kuwa ya gaji a wata na uku, ya yi asarar kuɗin rajista kaɗai, takardunsa na nan, idanunsa da yatsunsa na nan, kuma iyayensa a gida ba su ji wani labari ba.